Ta Tafi da Igiyarta

Kafin in bar aiki, duk bayan 'yan watanni sai a kawo mana kaya daga ƙasashen waje cikin akwatin ƙanƙara. A ciki akwai wasu 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa tsawo ba, an rubuta a jikinsu cewa antikor ne mai kama biyotin, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa an rubuta cewa daga akuya aka samo shi. Matasan da nake koya wa aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, rubutun sama suke karantawa su wuce. Ni na ƙasan nake karantawa, kuma duk ranar da na karanta shi abinci ba ya yi mini daɗi. Sun ɗauka tsufa ne ke sa ni faɗa ranar buɗe kaya. Ba tsufa ba ne. Na san wata akuya da aka yi wannan aikin da ita, na san mai ita, na kuma san wanda ya ja ta ya kai.

Bari in fara da biyotin ɗin, kada mai karatu ya ɗauka wani abin tsoro ne. Ɗan ƙaramin sinadari ne cikin dangin bitamin, yana cikin gwaiduwar ƙwai da hanta da gyaɗa, duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙuli ya ci shi bai sani ba. Mu a labo ba don ci muke son sa ba. Ɗaura shi muke yi a jikin abin da muke son bin sawunsa, kamar yadda mata ke tsaga kunnen akuya don su gane tasu cikin garke. To amma shaida ba ta da amfani sai da idon da zai gane ta, shi kuwa biyotin ko madubin likita ba ya nuna shi. Idon shi ne antikor, wato garkuwar nan da jini ke ƙerawa idan baƙon abu ya shiga jiki, wadda ba ta kama kowa sai wannan baƙon. In kana son mai kama biyotin, sai ka haɗa biyotin da wani abin da jikin dabba zai ƙi, ka yi mata allura, ka sake, ka kuma sakewa, har jininta ya koyi gane shi. Daga nan ka ɗebi jinin. Iyakar ilimin ke nan, sauran duk wankin kwalabe ne.

Ni ɗan Madarumfa ne, kuma ɗan fari. Wanda ba ɗan fari ba ne ba zai gane abin da nake nufi ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in baƙuwa ta tambaye ta ɗan wa ye wannan sai ta ce na maƙwabta ne. Ƙannena na hawa cinyarta, ni sai dai in iske ƙwaryar fura a bakin ƙofa, wadda ta fi ta kowa kauri, babu wanda ya ce ga wanda ya ajiye. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta taras, haka ta riƙe. Ina yaro abin yana cin raina ƙwarai, har na kan zauna bayan rumbu ina tunanin ko tsinto ni aka yi.

Amma Inna ta samo wa kanta hanya. Tana da awaki, kuma da su take yi mini magana. Tana durƙushe tana tatsa, ina gefe ina shirin tafiya lakwal, wato makarantar boko, sai ta ce wa akuyar, "Ki hwaɗa ma ɗan lakwal, in ya koma wanka tabki yau, ni da shi ne." Ni ma sai in dubi akuyar in ce, "Ki ce ma Inna ba ni zuwa." Akuyar na tuƙa, ba ruwanta. Faɗa da gargaɗi da sa albarka, duk ta wuyan akuya suka biyo suka iso gare ni. Ranar da za a tafi da ni makaranta Maraɗi, akuya aka gaya wa ta ce mini in riƙe salla, in bar yawan baki.

Awakin nan duk jajaye ne, kuma duk tsatson uwa ɗaya. Ranar da aka kawo Inna gidan babanmu, uwarta ta haɗo ta da jar akuya guda, daga ita sauran suka fito. Bunsuru kam ana sayarwa, ana yankawa ranar suna, amma macen wannan iri ba ta fita gidan. In ma ta kama dole a sayar da dabba, akwai ƙa'idar da kowace mace a garinmu ta sani. Ba a sayar da akuya da igiyarta. Mai saye ya zo da tasa, mai sayarwa ta kwance tata daga wuyan dabbar ta koma da ita gida, don kada albarkar turke ta bi baƙo. Akuyar da ta fita gida da igiyarta a wuya, aro ce, za ta dawo. Ba takarda, ba shaidu, ko yaron da bai yi kaciya ba ya san wannan.

Lokacin babban farin nan ina Yamai ina koyon aikin labo. Babanmu ya riga ya rasu. Awakin Inna tara ne da farin ya fara, da ya ƙare saura ɗaya, wata 'yar ƙarama da uwarta ta mutu ta bari. Ƙanwata ta ba ni labarin yadda Inna ke fita tun da sassafe tsintar 'ya'yan gawo, tana rige-rige da awakin mutane, da yadda take rage wa kanta dusar da ya kamata ta shiga tukunya. Igiyar ma sabuwa ta tufka mata da ɓawon kuka, ta ƙulla wani jan tsumma a wuyan. Akuyar ta rayu, ta girma, ta haihu sau uku, duk maza. Inna na jiran mace.

Ana cikin haka na dawo gida, wajen ƙarshen shekarun saba'in, da farar rigar aiki da takardar shaida da kai wanda ya fi ƙarfin hula. An buɗe wani ɗan labo mai ɗaki biyu kusa da tabki, ƙarƙashin wani Nasara da kowa ke kira Lokotoro. Tsargiya ya zo bincike. A garinmu yaron da bai yi fitsarin jini ba sai a ce bai fara zama namiji ba, ni ma na yi nawa, don duk gargaɗin da akuya ta isar mini bai hana ni tabki ba. Ba zan yi wa Lokotoro ƙarya ba don ina jin haushinsa. Mutum ne mai aiki, yana shiga laka har gwiwa yana tsintar katantanwa, yana ba yara magani, kuma shi ya koya mini rabin abin da na ci abinci da shi har na tsufa. Yana son ya gano ciwon cikin ɗigon jini tun kafin ya nuna a fitsari, kuma dabararsa tana bukatar antikor mai kama biyotin.

Sau biyu ya aika a kawo masa daga ƙasarsu. Sau biyun kuma kayan suka yi kwanaki cikin rana a hanya, suka iso ba su da maraba da ruwan rijiya. Sai ya ce mu yi namu, ga awaki cike da gari. Ya sayi biyu a kasuwa, ashe da tari suka zo, ba su yi wata ba suka mutu. Daga nan ya ce shi awakin gida yake so, masu lafiya, waɗanda aka san uwarsu, aro na wata shida. Ya ɗora mini neman su, tunda ni ne ɗan gari.

Na zagaya gida-gida, ba wadda ta yarda. Labari ya riga ya bazu cewa Nasara jini yake tarawa ya kai ƙasarsu. Na tuna wata tsohuwa cikin Anna, masu bin addinin kakanni, a unguwar bakin kuka, tana da wata jar akuya mai sheƙi wadda ta keɓe wa iskar gidansu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, jinin wagga da mai shi. In na ba ka, mi za ni hwaɗa mishi?" Na fito ina dariya a ciki, ina cewa jahilci dai ciwo ne. Akuyarta tsufa ne ya kashe ta, a kan turkenta.

Da na ga zan ji kunya gaban Lokotoro, sai na yi tunanin da har yau nake tsine wa. Na ce in matan gari suka ga akuyar uwata ta shiga labo, za su saki jiki. Da ɗan gari akan ci gari, ni ne kuwa ɗan garin.

Na iske Inna da hantsi tana ba akuyar ƙasari. Na tsuguna daga nesa kaɗan, na ce wa akuyar, "Ki tambayi Inna ko ta ba da aronki, wata shidda."

Inna ba ta ɗago ba. "Tambaye shi mi za a yi miki."

"Allura ce, sai ɗan jini kaɗan lokaci-lokaci, bai kai ludayi ba. Harawa da dusa kuwa sai kin ture."

"Ki ce mishi bana nika so in kai ki ga bunsuru. Halama a dace da mace."

"Wata shidda ne kawai. In kin komo sai a kai ki."

Ta shafa bayan akuyar. Can ta ce, "Tambaye shi, za ki komo?"

"Za ta komo, Inna. Ta hi haka ƙiba."

Ta miƙe, ta je ga turke. Ba daga wuya ta kwance igiyar ba, daga turken ta kwance, ta yar da bakin igiyar kusa da ƙafata. Ta ce wa akuyar, "Tahi da igiyarki." Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Na san abin da ta yi, ta san na sani.

Kwana biyu bayan haka mata uku suka kawo nasu, kowace da igiya a wuya. Lokotoro kuwa nasa tsarin daban ne. Ya buga takarda da Faransanci, ya ce in karanta wa masu awakin su dangwala yatsa. Na karanta musu cewa za a ciyar da dabba, za a kula da lafiyarta, ba za a sha nononta ba. Akwai layi na ƙarshe da ya ce dabbar tana hannun labo don duk abin da bincike ya bukata, in ta salwanta za a biya da wata. Na ga layin. Na tsallake shi, don na san in na fassara shi kowace za ta ja akuyarta ta tafi. Na ce wa raina ai maganar takarda ce kawai, Nasara ba sa iya shan ruwa sai sun rubuta. Ni na riƙe babban yatsan Inna na danna shi a tawada, ita tana kallon gefe.

Aka aske gefen jikin awakin, aka rubuta musu lamba da shuɗin fenti. Ta Inna ce lamba uku. Allurar tana da wani mai a ciki da ke sa wurin ya kumbura ya yi gyambo, duk bayan mako uku ko huɗu a sake. Mai gadinmu, wani dattijo da ya yi kiwo tun yana yaro, shi ke riƙe su yana yi musu magana a kunne. In an ɗebi jini sai in bar shi ya daskare, in juya shi a injin hannu har ruwan ɗorawa ya taso sama, in tsiyaye shi cikin 'yar kwalba in sa a firigo, akwatin sanyi mai aiki da kananzir. Firigon nan na fi kula da shi bisa ga kaina.

Abin da ban zata ba shi ne Inna ta riƙa zuwa. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ga ta da ƙwaryar ƙasari, ta tsaya bayan shinge, ba ta taɓa shigowa ba. Akuyar na jin muryarta sai ta fara jan igiya. Ni kuma sai in samo wani aikin da zai fito da ni waje. "Wa ya yi miki wagga aika-aika ga haƙarƙari?" in ji Inna. In ce wa akuyar ta gaya mata zai warke. "Ki ce mishi shi ma ya rame. Ki ce mishi ɗiyar mai goro ta girma, in shina da ido." Tun da aka haife ni ban taɓa yin hira da uwata kamar a watannin nan ba. Na kan koma ɗakin aiki ina murmushi ni kaɗai, Lokotoro ya ɗauka budurwa na yi.

A wata na huɗu muka fara gwaji. Akwai ɗan faranti na gilashi da muke zuba wa wani abu mai daskarewa kamar kamu, mu huda masa ramuka. A ramin tsakiya mu ɗiga abin da ke ɗauke da biyotin, a na gefe mu ɗiga ruwan jinin kowace akuya. In jinin ya koyi gane biyotin, washegari za ka ga wani farin layi ya fito tsakanin ramukan biyu. Lamba ɗaya da lamba huɗu layinsu sai ka karkata farantin ga haske kafin ka gan shi. Lamba biyu babu komai. Lamba uku kuwa layi ne fari tas, mai kauri. Na sirka ruwan jinin, layin na nan. Na sake sirkawa, na kuma sakewa, bai ɓace ba.

Da gudu na kai wa Lokotoro farantin. Ban tsaya ga nuna masa ba, sai da na ƙara da cewa, "Wannan ta gidanmu ce. Irinta babu a garin nan." Ya daɗe yana kallo, ya dafa kafaɗata, ya ce bai taɓa ganin dabbar da ta amsa haka ba. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Da Inna ta zo na sa akuyar ta gaya mata cewa ta ci na ɗaya a lakwal. Inna ta ce, "To, gado kika yi." Tun ina yaro aka ce in bar yawan baki, ban bari ba.

Aka sallami sauran ukun, masu su suka zo suka ja abinsu da igiyoyinsu. Lamba uku kaɗai ta rage, ana ɗibar jininta kaɗan-kaɗan yadda aka yi alkawari. Saura mako uku wata shida su cika, takarda ta zo wa Lokotoro cewa an rufe aikin, ya tattara ya koma gida cikin kwana goma.

Bai ce mini komai ba sai wata safiya da na zo na iske ya jera manyan kwalabe a kan tebur, waɗanda ba mu taɓa amfani da su ba, ga tiyo, ga allurar sa barci. A bakin shinge kuma an ɗaure wasu awaki biyu da ban sani ba. Wanda ya yi karatun da na yi ba sai an gaya masa ba. Akwai ɗiba kaɗan-kaɗan, akwai kuma ɗibar ƙarshe, wadda ake tatse dabba gaba ɗaya har zuciyarta ta tsaya. Yana cikin littafin da na haddace na ci jarrabawa da shi. Ban taɓa kawo wa raina cewa lamba uku littafin ke nufi ba.

Na ce masa da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, "Ta mahaifiyata ce."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na sa aka nemo biyu maimakon ɗaya. Dubi waccan, ciki ne da ita."

Na ce aro ce. Ya ce takarda na nan, kuma ni na karanta musu. Na ce a bari in ci gaba da ɗiba bayan ya tafi, in riƙa aika masa. Ya ce da wane firigo, da wace ƙanƙara, na manta yadda kayansa suka iso? Ya ce abin da za a samu yau zai isa a gwada yaran bakin tabkin nan shekara da shekaru. Sannan ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da ke kukan ɓatan ɗan tsakonsa, ya ce, "Akuya akuya ce."

Wannan maganar ce har yau take tafasa mini jini. Da mugunta ya faɗe ta da na samu abin da zan riƙe in yi faɗa. Shi a ganinsa alheri yake yi, ya karɓi tsohuwa ɗaya ya ba da matasa biyu. Shekara biyu ya yi a garinmu, ya san sunan kowace katantanwa ta tabki da Latinanci, bai taɓa tambayar me ya sa awaki huɗu suka zo masa da igiya a wuya ba. Amma wa ya kamata ya gaya masa? Bakin igiyar lamba uku yana nan ɗaure a shinge, taku biyar daga inda nake tsaye. Kwancewa kawai zan yi in ja ta mu tafi gida, ba soja a ƙofa, ba wanda zai harbe ni. Sai dai ya yi mini alkawarin takardar yabo da za ta kai ni babban labo a Yamai, kuma takardar tana cikin aljihun rigarsa, ba a sa mata hannu ba tukuna. Na wanke hannuna na sa farar rigata.

Mai gadi ne ya ɗora akuyar kan tebur. Aka yi mata allura, ta yi laushi, idonta a buɗe. Lokotoro ya tsaga wuyan kaɗan, ya zura tiyo, ya ce in riƙe kwalba ƙasa da tebur. Jini ya fara zuba da ɗumi, ina jin ɗuminsa ta cikin gilashin. Kwalba ta cika, na canja wata.

Da aka kai kwalba ta uku zubar ta fara rauni. Mai gadi ya saki ƙafafunta, ya zaro wuƙa daga kube, ya ce mini, "Ɗana, hwaɗa mishi shi bari in sa mata wuƙa tun tana motsi. Kada ta tahi mushe."

Na fassara. Lokotoro bai ɗago ba. Ya ce in aka yanka yanzu sauran jinin zai zube a ƙasa, kuma naman ma ba zai ciwu ba saboda maganin da ke jikinta.

Na mayar wa mai gadi. Ya ce, "Wa ya yi zancen nama? Dabbar gida ce. A ambaci sunan Allah bisa kanta." Sai ya matso, ya rage murya. "Kai ka riƙe da kwalba. Aje ta, ni kau in yi nawa. Mi za shi yi muna?"

Ban ajiye ba. Na tsaya ina kallon ɗigon da ke sauka ɗaya bayan ɗaya, ina gaya wa kaina bari wannan ya sauka tukuna, bari na bayansa. Ƙafarta ta baya ta ɗan shure sau biyu. Daga nan tiyo ya tsaya. Mai gadi ya mayar da wuƙarsa cikin kube, bai ƙara kallona ba. A bayan labo muka gina rami muka zuba mata farar ƙasa, ko fatar ba a feɗe ba. Kafin a tura ta, dattijon ya sunkuya ya kwance igiyar daga wuyanta, ya naɗe, ya sa mini a hannu.

Sai da na gama juya jinin duka, na tsiyaye, na rubuta lamba uku a jikin kowace kwalba, sannan na kama hanyar gida bayan la'asar. Awaki biyu a bayana da sabuwar igiyar kanti, tsohuwar igiya a naɗe a hannuna. Matan da ke dawowa daga lambu suka dubi awakin, suka dubi hannuna, ba wadda ta gaishe ni.

Inna na tankaɗe a tsakar gida. Ta ga awakin, ta ga igiyar. Ta ajiye rariya. Na ga idonta ya tafi ga turke, inda ta saba samun wanda za ta yi wa magana, ya dawo. Ta dubi ƙofar ɗaki ko ƙanwata na ciki, ba ta nan. Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da na yi shekara ashirin da biyar ina so.

"Ina take?"

"Ta mutu, Inna."

"Ciwo?"

"A'a. Jininta anka ɗebe duka."

"An samu an sa mata wuƙa?"

"A'a."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Mi kaka yi?"

Na yi niyyar in ce an aike ni Maraɗi, ko in ce na yi faɗa an fi ƙarfina. Mai gadi ba zai tona ni ba. Amma ban saba da idonta ba, ban san yadda ake yi masa ƙarya ba. Na ce, "Ina riƙe da kwalba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta tashi ta ɗebo ruwa ta ba baƙin awakin, don su ba su yi mata laifi ba. Na matsa na miƙa mata igiyar da hannu biyu. Ta dube ta, ta mayar da hannuwanta bayanta.

"Da akuya nib ba ka ta," in ji ta. "Ran da kak kawo akuyar, in amshi igiyata."

Washegari ta aika wa ƙanwata da awakin biyu gidan mijinta. Lokotoro ya tafi da kwalabensa cikin akwatin ƙanƙara, ya bar mini takardar yabo mai shafi biyu. Ban san me aka yi da ruwan jinin ba. Wataƙila ya yi amfani a wani wuri, ban ce bai yi ba. Abin da na sani, ko ɗigo ɗaya bai dawo Madarumfa ba, yaran bakin tabki kuma suka ci gaba da fitsarin jininsu. Ni na tafi Yamai, takardar ta yi aikinta, har na zama wanda ake tashi tsaye in ya shigo.

Inna ba ta sake kiwo ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, duk hutu ina zuwa, ina iske fura mai kauri a bakin ƙofa. In gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, shi ke nan. Ba gaba take yi da ni ba, kunyarta ta koma inda take, sai dai babu sauran wanda za a ce wa ya gaya mini na rame. Sau biyu na sayo mata jar akuya mai kyau na ɗaure a turken, sau biyun kafin in koma ta bayar.

Igiyar tana cikin akwatina, ƙarƙashin takardar yabon. Ɓawon kukar ya bushe yana karyewa, jan tsumman ya koɗe. Matata ta sha cewa in jefar, 'ya'yana sun ɗauka wani magani ne. Ba tawa ba ce da zan jefar. Aro ce, mai ita kuma ta faɗi ranar da za ta karɓa.